Gwiwar Baba da Sikelin Bature

Mai gadin layinmu a Samaru wani dattijo ne daga wajen Bomo, maharbi ɗan maharbi, wanda tsufa ya raba shi da dawa, ya zaunar da shi bakin shagunan mutane da kwari da baka. Da rana, in barci ya ƙi zuwa, sai ya sauko da sandar dargaza da ta shekara a rataye a madafa tana shan hayaƙi. Ya rage ta da gizago, ya bi da wuƙa, sannan ya koma kankara da fasasshiyar kwalba. Can sai ya miƙe, ya kafa kan sandar a ƙasa, ya sa gwiwa ya danna, ya karkata kai yana dubanta. Ya zauna, ya ƙara kankare wani wuri da bai fi faɗin yatsu uku ba. Na taɓa tambayarsa, "Baba, me kake dubawa?" Ya ce, "Inda ya ƙi aiki, yaro. Ko a jikin icce akwai malalaci."

Sai da na zo Ingila karatu na gane abin da yake nufi. Wata Asabar na je Portsmouth, gidan tarihin Mary Rose, jirgin yaƙin Sarki Henry na Takwas da ya nutse a 1545, aka tsamo shi a 1982. A cikinsa an sami baka 137 lafiyayyu da kibau sama da 3,500. Tsawon kowane baka ya kusa mita 2, kuma masana sun ƙiyasta cewa jan tsirkiyarsu na bukatar ƙarfin ɗaga kilo 45 zuwa wajen 80. Na daɗe tsaye gabansu. Daga nan ne na nemi wani mai yin baka a wani ƙauye, na biya kuɗin koyo na kwana uku.

Aikin da Baba yake yi da gwiwa, Turawa suna kiransa tilarin, wato daidaita lanƙwasar baka, kuma sun yi masa kayan aiki na musamman. Akwai sanda mai tsage-tsage: a ɗora tsakiyar bakan a kanta, a ja tsirkiya a maƙale a tsaga ta farko, a ja da baya a duba. Akwai wanda ya fi wannan, katako kafe a bango, da igiya da ta bi ta kan ƙaramar gargare, da sikeli rataye a tsakani. Mutum na tsaye nesa yana jan igiyar, bakan na buɗewa da rufewa a gabansa, bayan bakan kuma allo ne mai layuka da ke nuna ko hannu ɗaya ya fi ɗaya sauka. Ana farawa da doguwar tsirkiya mai sako-sako, sai iccen ya saba sannan a ɗaura ta ainihi. Kankara kuwa da ɗan fallen ƙarfe mai kaifin gefe ake yi. Da na riƙe shi na ga irin garin da yake fitarwa, fasasshiyar kwalbar Baba ce kawai aka yi wa siffa.

Malamin ya ba ni dalilin da Baba bai taɓa faɗa da baki ba. In ka ninka faɗin icce, taurinsa ninki biyu yake yi. In ka ninka kaurinsa, ninki takwas. Saboda haka kankara biyar ta wuce kima a wuri guda ta isa ta sa wurin ya zama gaɓa, duk lanƙwasa ta taru a nan, kuma nan zai karye. Ciki kaɗai ake kankara, ɓangaren da ke fuskantar maharbi, domin shi ake matsewa. Baya miƙewa yake yi, in ka yanke zarensa ka gama da bakan. Bayan kowace kankara a ja shi sau ashirin ko talatin kafin a yarda da abin da ido ya gani. Ba a kuma jansa ya wuce nauyin da ake nufi, ko sau ɗaya. Duk waɗannan na ga Baba yana kiyaye su. Ko bawon bayan sanda a hankali yake cire shi, kamar mai yi wa jariri aski.

Inda muka rabu shi ne abin da kowa yake nema daga iccen. Bature ya so kibiya mai nauyi da gashin tsuntsu ta yi tafiya mai nisa ta huda sulke, kamar yadda aka gani a yaƙin Agincourt a 1415. Dole ya tatse iccen har ƙarshen ƙarfinsa, shi ya sa ya zaɓi itacen da suke kira yu, farin bayansa na jure miƙewa, jan cikinsa na jure matsi. Har doka suka yi a 1472 cewa jiragen fatake su riƙa shigo da sandunan baka huɗu a kan kowane tan na kaya. Wanda yake aiki a bakin karyewar icce haka, dole ya auna.

Maharbinmu kuwa bakansa gajere ne, kibiyarsa ta kyauro ce marar gashi, da tsini mai kunne, kuma aikin kisa na dafin ƙwanƙwani ne. Abin da yake bukata shi ne baka marar nauyi da zai sanɗa da shi cikin ciyawa, ya ja cikin ƙiftawar ido. Wanda ya raina wannan bakan bai karanta tarihi ba. A Tabkin Kwatto, a 1804, 'yan bakan jama'ar Shehu Usmanu ne suka tari dawakin Gobir suka kore su. A Burmi, a 1903, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, jagoran rundunar Turawa, duk da bindigogin da ke tare da shi.

Abin da na yi wa Turawan nan kishi guda ne. Bindiga ta kashe musu baka tun ƙarni huɗu da suka wuce, amma sun mai da abin da ido ke gani ya zama lamba da zane, har baƙo irina ya shigo ranar Juma'a ya fita ranar Lahadi da baka mai jan kilo 20 a tsawon inci 28. Namu a gwiwa da ido yake zaune, kuma gwiwa tana bin mai ita kushewa. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962, ni ma a cikinta na yi digirin farko, na wuce Baba safe da yamma da littattafai a hannu, ban taɓa rubuta sunan icce ɗaya daga bakinsa ba. Wannan yana ci mini rai.

Bara da na je gida na tarar Baba ya rasu. Na shiga kasuwar Sabon Gari na sami baka a wajen masu sayar da wuƙaƙe da adduna. Na kafa ɗaya a ƙasa na danna: hannun sama ya lanƙwashe kusa da kai, na ƙasa ko motsi. Ɗanyen icce ne, an ɗaura masa igiyar roba a madadin tsirkiyar fata. Mai rumfar ya ce, "Yallaɓai, masu yi na gaske suna ƙauye, sai ka bi ta Shika ka nausa Giwa."

Na sayi sikelin rataye da ma'aunin kauri, suna cikin akwatina. Da rani mai zuwa, in Allah ya kai mu, Giwa zan fara sauka, da goro da littafin rubutu.