Tafiya Dutse da Maganar Fedar Keke

Hanyar Kano zuwa Dutse ba ta da wani abin ba da labari. Mota ta ƙetare gadar Wudil, ta wuce Gaya, gonakin gero da dawa suna shuɗewa dama da hagu, kafin mutum ya gama gyangyaɗi sai ga duwatsu sun tare masa gaba. Abin da ya ɗauki hankalina tun daga tasha shi ne kekuna. A Kano idonmu ya saba da tsohon Raleigh, wanda har masana'antarsa aka taɓa yi mana a gida, da Phoenix na ƙasar Sin, baƙaƙe masu kariya a baya. A nan kuwa, cikin ɗaliban Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 da ƙananan ma'aikatan sakatariya, na ga keken hawan duwatsu ya samu shiga: taya mai kauri da gurza-gurza, giya barkatai, shok a gaba. Gwanjon Turai ne, irin wanda ke shigowa ta Kwatano da Legas. Wasunsu suna zuwa da wata 'yar feda dunƙulalliya, ƙarfe zalla mai baki kamar tarko, kuma za ka ga saurayi yana taka ta da silifas, ƙafa tana zamewa yana mayarwa. A gefensa ga tsohon keken mai kayan miya, wanda fedarsa ta cinye har ba abin da ya rage sai sandar tsakiya tana ƙyalli. Ra'ayina, bayan na zagaya garin da kewayensa, shi ne duka biyun sun kauce. Fedar da ta dace da wannan ƙasa ita ce mai faɗi mai haƙora, wadda take riƙe ƙafa ba tare da ta ɗaure ta ba.

Sai an san ƙasar kafin a gane dalili. Dutse ta zama babban birnin jiha ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka cire Jigawa daga Kano, kuma manyan titunanta, waɗanda akasarinsu suka samu a zamanin mulkin Sule Lamido daga 2007 zuwa 2015, faffaɗa ne, babu cunkoson da ke sa Bakano hawan jini. Wanda ya tsaya a kan kwalta zai ɗauka garin shimfiɗe yake. Amma da ka sauka daga titi, ƙasa iri uku ce ke jiranka. Wajen Garu, inda fadar Sarki take, akwai fako da falalen dutse da ƙananan hanyoyi masu tsakuwa da suke kurɗawa tsakanin manyan duwatsu. Idan ka nufi ƙauyukan Kiyawa da Jahun, rairayi ne mai laushi wanda taya ke nutsewa a ciki. A fadamu kuma, da damina, laka. Ga tsidau ko'ina yana jiran taya. Masaukin da na samu ba abin yabo ba ne: fanka tana juyi kamar an tilasta ta, janareta yana mutuwa tsakar dare, ruwa a bokiti, kuɗin kuwa ba su gaza na Kano ba. Alherinsa guda shi ne rumfar wani dattijo mai gyaran keke da ke daura da shi, mutum mai sakin fuska, wanda ba ya barin baƙo a tsaye, sai ya tura masa benci ya miƙo dabinon garin. A ƙarƙashin teburinsa akwai wani tsohon kwano cike da waɗancan dunƙulallun fedoji, duk an kwance su daga kekunan gwanjo. Masu kekunan ne da kansu suka ce a cire. Wannan kwano hujja ce, domin mutanen da suka biya kuɗin cirewar ba su karanta wata mujalla ba, hanya ce ta koya musu.

Ita wannan feda ba shirme ba ce, kuma adalci ne a faɗi asalinta. Kamfanin Look na Faransa, wanda a lokacin sana'arsa ƙera abin da ke kama takalmin masu sulu a kan ƙanƙara, shi ne ya fito da ita kasuwa a 1984, kuma a 1985 Bernard Hinault ya lashe babban tseren keke na zagaya Faransa da ita, daga nan 'yan tsere suka rungume ta. A 1990 kamfanin Shimano na Japan ya yi wadda ta dace da keken duwatsu. Yadda take aiki shi ne, akwai wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurewa a ƙarƙashin takalmi na musamman da noti biyu. Idan mahayi ya danna ƙafa, bakin fedar mai sifirin sai ya cafke ƙarfen, ka ji ƙas. Daga nan ƙafa da keke sun zama ɗaya, ba ta fita sai an murɗa dunduniya waje. Amfaninta a fili yake. A kan hanya mai gargada ƙafa ba ta tsalle ta bar feda. A wajen hawan tudu mai tsauri ko fizgar gudu, mahayi yana iya jan feda sama da ƙafa ɗaya yayin da ɗayar ke dannawa. Kullum kuma ƙafa tana zama a wuri guda. Shi ya sa a tseren keken duwatsu na dogon zango, wanda ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996, da wuya ka ga gwanin da bai ɗaure ƙafarsa ba.

To amma abin da ɗan tsere yake tsoro daban, abin da mahayin Jigawa yake tsoro daban. Shi ɗan tsere tsoronsa ƙafa ta kuɓuce. Mai bin hanyar Jahun kuwa tsoronsa ƙafa ta ƙi kuɓucewa. Rairayi ba ya ba da sanarwa. Kana tafe a kan ƙasa mai tauri, sai tayar gaba ta afka cikin laushi, kan keke ya karkace, gudu ya mutu nan take, kuma a wannan ƙiftawar ido dole ƙafa ta riga tunani isa ƙasa. Wanda zai tsaya murɗa dunduniya ya riga ya kwanta. A kan yashi faɗuwar abin dariya ce, amma a kan falalen dutsen Garu, gwiwar hannu da ƙugu ne za su biya. Mu da muka gāji doki mun san wannan tun kafin keke ya zo. Dubi likkafar mahayan hawan sallah, a Dutse ko a Kano: faffaɗa ce, tafin ƙafa yana zama a kanta daram, amma ba wanda ya taɓa tunanin ya kulle ƙafar mahayi a ciki, domin babu abin da barade suke gudu kamar doki ya kayar da mutum ƙafarsa tana maƙale. Za a ce ai ana sabawa, kuma gaskiya ne, wanda ya daɗe da fedar yana fitar da ƙafa ba tare da ya yi tunani ba, sifirin ɗin ma ana iya sassauta shi. Sai dai sabon yana zuwa ne bayan an sha ƙasa, kuma ƙurar hunturu da yashi da lakar fadama suna shiga bakin fedar su canza taurinta, yau ta saki da sauƙi, gobe ta cije.

Ko da ƙasar ta yarda, rayuwarmu ba ta yarda ba. Baturen da ya ƙera wannan feda yana da keken wasa daban, yana sa kayan hawa ya fita, ya dawo ya tuɓe. A nan keke guda ne yake kai yaro makaranta da safe, ya kai wansa gona da hantsi, ya ɗauko buhun gyaɗa ko jarkokin ruwa da yamma. Mutum uku ko huɗu ne suke taka shi a yini, to takalmin wa za a ɗaura wa ƙarfen? Sannan mu mutane ne masu yawan sauka. Ba a wuce dattijai a zaune a gindin bishiya a kan sirdi, sai an sauka ko aƙalla an sa ƙafa ƙasa an gaisa, kuma na ga mutanen Dutse sun fi mu Kanawa riƙe wannan ladabi, duk da ba na son faɗa. Sau biyar a rana ana cire takalmi a ƙofar masallaci a yi alwala, kuma wanda ya san wahalar kwance igiya da ɗaurawa ya san abin da ya sa silifas da takalmin fata suka mallaki ƙafar Bahaushe. Ga maganar kuɗi. Takalmin fedar shi kaɗai yana iya kai wa kuɗin keken gwanjon, ɗan ƙarfen da ke ƙarƙashinsa yana cinyewa da tafiya, kuma ba kayan da ake shimfiɗawa a rumfunan masu gyara ba ne. Abin da ba a samun madadinsa a kasuwar Shuwarin bai kamata talaka ya jingina tafiyarsa da shi ba. Kayan aro, in ji magabata, ba ya rufe katara.

Hujjar da masu son fedar suka fi kafawa ita ce ƙarfi: wai mai feda mai faɗi rabin ƙarfinsa yake amfani da shi, tunda dannawa kawai yake yi, ba ya ja. Wannan magana ta fi ƙarfin gaskiyarta. A tafiya ta yau da kullum kusan dukkan ƙarfin da ke tura keke daga dannawa yake fitowa, domin haka Allah ya gina cinyar ɗan Adam, ƙafar da ke tasowa kuwa iyakarta ta rage nauyinta. Jan feda sama yana da tasiri ne a 'yan daƙiƙun fizga ko a kan tudu mai tsanani, inda ake raba na ɗaya da na biyu a gasa. Wanda zai je Kiyawa daga Dutse ba ya tsere da kowa. Ko a fagen gasar ma maganar ba ta mutu ba. Sam Hill, ɗan Ostireliya, ya zama zakaran duniya a tseren gangarowa daga dutse a 2006 da 2007 da 2010, sannan ya lashe jerin gasar duniya ta keken duwatsu da ake kira enduro a 2017 da 2018 da 2019, duk a kan feda mai faɗi, alhali mafi yawan abokan karawarsa ƙafafunsu a ɗaure suke. Abin da ya yi suna da shi shi ne shiga kwana ta ciki da ƙafa ɗaya a waje tana shirin dafa ƙasa. Mutum ɗaya ba ya rushe ƙa'ida, amma ya isa ya nuna cewa sakakkiyar ƙafa ba alamar ɗan koyo ba ce.

Akwai kuma zargin da ya fi wannan nauyi, kuma a kanmu yake faɗawa. Za a ce feda mai faɗi tana zamewa, kuma mai haƙora idan ta kuɓuce ta daki ƙwauri sai ta fitar da jini. Haka ne. Amma yawancin zamewar da ake gani a titunanmu laifin sakaci ne. Mutum zai sa wa kekensa madubi biyu da ƙararrawa da rigar sirdi mai tunta, ya naɗe ƙarfen da leda mai launi, amma wurin da ƙafarsa take zama ya bar shi sanda tsirara, wadda ke huda tsakiyar silifas, da ruwan sama kuma ta zama santsi. Alhali canza feda aikin 'yan mintoci ne da sifana mai lamba 15, sai dai a tuna ta hagu a baibai ake murɗa ta, ɓangaren da ake ɗaure noti shi ne ɓangaren kwance ta, kuma rashin sanin haka ya lalata kekuna da yawa a hannun yara masu koyo. A nemi mai faɗin da zai ɗauki tafin ƙafa, mai ƙananan haƙora a gefe, a riƙa sa wa boris ɗinta giris saboda ƙura. Wanda zai shiga duwatsu kuma ya ajiye silifas, ya sa kambas mai shimfiɗaɗɗen ƙasan roba, irin wanda ke jibge a wurin 'yan gwanjo, domin robar ce haƙoran suke kamawa. Idan zai gangara ya miƙe daga sirdi, ya daidaita fedojin biyu, ya sauke dunduniya ƙasa kaɗan, nauyinsa da kansa zai manne ƙafar. Mai dogon wando ya tattare ƙafar dama kada kaca ta ci.

Ban ce a zubar da abin da ke cikin kwanon dattijon nan ba. Saurayin da ya ɗauki keke a matsayin wasa, yake fita da asuba a kan kwaltar Dutse mai faɗi yana auna gudunsa, yana da burin shiga gasa, yana da halin sayen takalmin, wannan fedar tasa ce, kuma zai ji daɗinta. Shi ma gara ya fara ƙwarewa a kan mai faɗi, domin ita ce ke tona asirin wanda bai iya zama a kan keke ba. Sauran jama'a, ɗalibi da manomi da mai kai saƙo, kuɗin da za su kashe a kan takalmi na musamman ya fi amfani a wajen taya mai jure tsidau da birki mai kamawa da hular kwano. Daga Dutse na leƙa Shuwarin da Kiyawa, inda kekunan gwanjo suka ragu, tsofaffin baƙaƙe suka yawaita, kowanne ɗauke da kayan da ya fi ƙarfinsa, kuma sandar feda tsirara ta fi yawa a can fiye da cikin gari. Bayan wannan ban ga wani sabon abu ba, sai na nemi motar Kano.