Kafin ku tafi Matsirga, ku ɗan saurare ni

Na ga an fara tara kuɗin mota a ajinmu, wai ana gama jarabawa sai Matsirga. Ban hana kowa ba, amma bari in ba ku labarin abin da ya same mu bara, don har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ƙarshen Agusta ne, mu tara muka fito daga Kafanchan da hantsi. Gari garau, ko yayyafi babu. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, ruwa ne ke zubowa daga kan dutse mai tsayin kusan mita 30, kuma daga duwatsun Kagoro yake tasowa. Muka gangara ƙasa muka baje a kan wani falalen dutse a bakin ruwa, masu hoto na yi, masu cin biredi na yi.

Can sai wani dattijo da fartanya a kafaɗa ya tsaya daga sama ya ce, "Yarana, ku hauro. Ku dubi Kagoro." Muka duba, hadari ya haɗu baƙi ƙirin a can nesa. Wallahi ni da bakina na ce, "Baba, ai nan ba a ruwa." Ya ce, "Ruwan da ke cin mutum a nan, ba a kansa yake sauka ba." Muka yi dariya, ya wuce.

Ba mu yi minti ashirin ba ruwan ya fara sauya kala, ya koma kamar shayi da madara, ga ganyaye da karare suna biyowa, ƙarar ma ta canza. 'Yan matan suka fara tashi. Wani abokinmu ya ce hoto ɗaya kawai. Ya taka gansakuka da silifas, santsi ya kwashe shi, ya faɗa tsakanin duwatsu biyu. Da gyalen wata 'yar ajinmu muka jawo shi. Ya karye a hannu, waya ta tafi. Muna isa sama muka waiga, dutsen da muka ci biredi a kai ya nutse.

Bayan nan na zauna ina karance-karance a intanet, har na faɗa kan zaftarewar dusar ƙanƙara a tsaunukan Turai. Su suna da ma'aunin haɗari daga 1 zuwa 5 da ake sanarwa kullum a lokacin sanyi. Abin da ya ba ni mamaki, mafi yawan mace-macen a mataki na 3 suke faruwa. A mataki na 5 kowa ya ji tsoro ya zauna a gida. A na 3 kuwa saman ƙanƙarar lafiya lau a ido, raunin yana can ƙarƙashi, kuma galibi wanda abin ya rutsa da shi, shi ko abokin tafiyarsa ne ya taka ta zaftare.

Nan na gane mu ma muna da namu mataki na 3: ranar da gari ya yi garau a tsakiyar damina. In ana tafka ruwa a Kafanchan ba wanda zai je Matsirga. Amma in ya sauka a Kagoro, dutse ba ya shanye ruwa, duk sai ya taru ya gangaro a lokaci guda, kai kuwa kana ƙasa rana na dukanka. Haka ma masu hawan dutsen Kagoro: ƙasar da ke kan gangare in ta ƙoshi da ruwa, takan sulluɓe da mutum.

Don haka ina roƙon shugaban aji, a ɗage tafiyar nan zuwa rani. Ko don bikin Afan da ake yi ranar 1 ga Janairu, lokacin ya fi daɗin zuwa yankin. In kuwa an nace sai yanzu, to a riƙa kallon wajen Kagoro, a tambayi mutanen wurin, a sa takalmi mai kama ƙasa. Ruwa na sauya kala a haura sama, a bar jaka, a bar hoto.

Har yau ina jin kunyar amsar da na ba dattijon nan, kuma ban sake ganinsa ba balle in ba shi haƙuri. Iyayenmu karatu suka turo mu, suna jiran mu koma musu lafiya. Allah Ya tsare mu baki ɗaya.