Tsohuwar Mancesta Da Ke Ambaton Kano A Addu'a

Wasiƙar ta iso Sheshe ne a jakar wani ɗan kasuwa da ya dawo daga Ingila, tare da man zafi kwalba biyu da rigar sanyi. Shafi shida ce cur, da biro, a zamanin da kowa ke danna waya ya yi magana ta minti biyu ya wuce. Wanda ya rubuto ta saurayi ne ɗan unguwar, ya tafi Mancesta ƙarin karatu, yana kuma aikin dare a gidan kula da tsofaffi. Wanda aka rubuto wa baffansa ne, dattijon da ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa. Idon Baffa ba ya son ƙananan rubutu, don haka bayan La'asar aka shimfiɗa tabarma a zaure, ƙanin mai wasiƙar ya ɗauki karatu, maƙwabta uku suna saurare ba tare da kowa ya kira su ba, kamar yadda aka saba a cikin birni.

Shafin farko gaisuwa ce zalla. "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana," daga nan ya bi gida ɗaki-ɗaki, ya gaida Inna da su Yaya, ya fita waje ya gaida liman, bai bar ko mai shayin bakin lungu ba. Sai a shafi na biyu ya faɗi abin da ya ɓoye musu fiye da shekara.

Lokacin da darajar Naira ta faɗi a 2023, kuɗin da dangi suka haɗa masa na shekara guda ya narke cikin watanni. Wani abokin karatunsa ya nuna masa cocin da ke rabon abinci kyauta duk ranar Alhamis. Kwana uku ya yi yana kokawa da zuciyarsa: jikan malamai, a layin sadakar coci? Yunwa ce ta yanke hukunci. Ya ce ba wanda ya tambaye shi addininsa. Da ya ga gwangwanin naman alade a cikin ledarsa ya yi magana, aka ba shi haƙuri, aka canja masa da kifi. A nan ɗaya daga cikin maƙwabtan zauren ya gyara zama ya ce ruwa dai ba ya tsami banza. Baffa ya ɗaga masa hannu, aka ci gaba.

Abin da ya tsayar da saurayin ba abincin ba ne, wani allo ne a bangon ɗakin rabon. Taswirar duniya ce babba, an soka mata ƙananan allurai, daga kowace allura an ja zare zuwa hoton wani mutum ko wani iyali: wannan likita ne a Nefal, waccan malama ce a Tanzaniya, a ƙarƙashin kowane hoto an rubuta abin da suke so a roƙa musu a wannan watan. Allura ɗaya tana arewacin Nijeriya. Yana tsaye yana kallonta sai wata tsohuwa mai rabon shayi, wadda ta haura tamanin, ta tambaye shi garinsu. Ya ce Kano, yana shirin yin bayanin da ya saba yi wa Turawa, cewa ba Legas ba ce, can sama take. Ta ajiye buta ta ce ta san Kano, tun tana budurwa take yi mata addu'a.

Ba ta taɓa taka Afirka ba. Amma ta nuna masa yadda abin yake tafiya, shi kuma ya kwashe ya rubuto wa Baffa dalla-dalla, don ya ce wannan ne ya fi komai ɗaure masa kai a ƙasar. Cocin Angilika tana da jadawalin addu'a da ke zagaya duk yankunanta na duniya, kowane da ranarsa, kuma Kano tana ciki da sunanta. Ƙungiyoyin mishan irin su CMS, wadda aka kafa a Landan tun 1799, suna aika wa magoya bayansu takardar addu'a a kai a kai, da sunan ma'aikaci da wurin aikinsa da damuwarsa. Akwai masu lissafin al'ummomin da suke cewa bishara ba ta kai musu ba, Hausawa suna cikin manyan da ke jerin. Akwai abin da suke kira taga ta 10/40, wato ƙasashen da ke tsakanin layi na 10 da na 40 arewa da tsakiyar duniya, Kano kuwa a kan na 12 take zaune. Tun farkon shekarun 1990 ma akwai ɗan littafin da ake bugawa duk shekara, na addu'ar kwana talatin domin Musulmi, an daidaita shi da watan Ramadan. Wato muna tarawihi, in ji shi, su ma suna can suna ambatonmu.

Kano da waɗannan addu'o'i sun daɗe da sanin juna, in ji wasiƙar. A 1900 Turawan CMS biyar, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, suka taso daga Legas har suka iso Kano. Wasunsu, ciki har da likita Walter Miller, sai da suka fara zuwa Tarabulus suka koyi Hausa a bakin fatake da mahajjata. Sarki Alu bai ɓata lokaci ba: ya nuna musu cewa Kano tana da Littafinta da malamanta, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa ƙasa. Suka koma Girku ta ƙasar Zazzau, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. A wannan Girkun ne dai Walter Gowans, ɗaya daga cikin samari uku da suka fara abin da ya zama ƙungiyar mishan ta SIM a 1893, ya mutu shekaru shida kafin nan. Bayan Turawan mulki sun ci Kano a 1903, alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna na rashin taɓa addini ya sa gwamnatinsu ta riƙa taka wa 'yan mishan birki a biranen Musulmi. Shi ya sa har yau ba a cikin ganuwa ake samun coci-cocin Kano ba, sai Sabon Gari da Bompai da sauran unguwannin waje.

An rufe musu ƙofar birni, sai suka zauna a bakin ƙofar suka jira, kuma jiran ba na zaman banza ba ne. Miller ya zauna Zariya daga 1905, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa, a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa wanda shi ne ƙashin bayan fassararsa. G. P. Bargery, wanda shi ma da rigar CMS ya shigo ƙasar, ya fitar da babban ƙamusunsa na Hausa a 1934, ɗaliban Hausa na Jami'ar Bayero suna buɗa shi har gobe. A shekarun 1930 aka ba 'yan mishan kula da kutare, aikin da ba mai rububinsa, asibitin Yadakunya yana nan shaida. A 1943 SIM ta buɗe asibitin ido a Kano, wanda yanzu yake hannun cocin ECWA, a 1950 kuma ta buɗe na Galmi a Nijar. Da aka zo nan ƙanin ya ɗan saurara, don kowa a zauren ya san inda aka cire wa Baffa yanar ido shekarun baya.

Mai wasiƙar ya ce ya tambayi tsohuwar wa ya biya duk wannan. Ta yi dariya ta ce irinta. A gidansu tana yarinya akwai ɗan akwatin mishan a kan kanta, mai tsaga kamar asusu, duk wanda ya samu canji ya jefa. Sau ɗaya ko biyu a shekara a buɗe a gaban shaida, a rubuta a littafi, a aika. Yanzu banki ke cire mata fam kaɗan duk wata daga fanshonta.

Bai ɓoye wa Baffa komai ba game da manufar addu'ar. Ba lafiya da ruwan sama kawai ake roƙa wa Kano ba, ana roƙon mutanenta su karɓi addinin Kirista, ita ma tsohuwar ba ta yi masa kwana-kwana a kai ba. Ya ce ya faɗa mata cikin ladabi cewa wannan ɓangaren ba zai ce masa amin ba, shi Musulmi ne, yana girmama Annabi Isa, Alaihis Salam, yadda aka koya masa a makarantar allo, kuma a nan ya tsaya. Ta ce ta ji. Mako na gaba ta ajiye masa shinkafa mai kyau.

Akwai ranar da hirar ta yi nauyi. Ta nuna masa takardar da ke neman addu'a ga Kiristocin arewacin Nijeriya, ta ambaci harin da aka kai wa masu ibada a Jami'ar Bayero a Afrilun 2012. Ya ce gaskiya ne, an yi, kuma abin kunya ne da baƙin ciki, kamar rikicin Oktoban 1991 da ya tashi kan zuwan mai wa'azin Kirista Reinhard Bonnke ya ci rayuka. Sannan ya ba ta labarin Juma'ar 28 ga Nuwamba 2014, da aka tashi bama-bamai a Babban Masallacin Kano aka buɗe wa masallata wuta, fiye da mutum ɗari suka rasu, a wurin da mutanen Sheshe ke zuwa da ƙafa. Wannan bai zo a takardarta ba. Ta yi shiru, ta ɗauko biro ta rubuta a gefe.

Daga nan wasiƙar ta juya. Ƙasar da ta aika Tugwell da Miller, in ji shi, kujerun cocinta sun yi wa masu zuwa yawa. Ƙidayar 2021 a Ingila da Wales ta nuna masu kiran kansu Kirista kashi 46.2 ne cikin ɗari, karo na farko da suka gaza rabi, waɗanda suka ce ba su da addini kuwa kashi 37.2. Masallacin Didsbury da yake zuwa Juma'a tsohuwar cocin Methodist ce. Coci-cocin da ke cika ranar Lahadi da yawansu na 'yan Nijeriya ne: cocin Redeemed tana da ɗaruruwan rassa a Birtaniya, Matthew Ashimolowo kuwa, wanda ya kafa ɗaya daga cikin manyan coci-cocin Landan a 1992, haifaffen Zariya ne. Ya ce abokan aikinsa Yarabawa da Inyamurai suna tashi daga aikin dare su tsaya a tashar bas suna raba wa jikokin 'yan mishan takardun wa'azi.

Sai batun tsofaffi, wanda ya rubuta da ɗan zafi. A inda yake aiki akwai waɗanda wata uku ke wucewa ba a leƙo su ba. Ita kanta mai shayin ita kaɗai take kwana a gida, ɗanta yana Ostareliya, sai waya ran Lahadi. Tana riƙe da sunayen garuruwa arba'in a ka, amma da ta faɗi a banɗaki sai da gari ya waye aka sani. "Baffa, a Sheshe in ba a gan ka a sallar Asuba ba, kafin rana ta fito an buga maka ƙofa." Yanzu duk Asabar yana biyawa ya yi mata cefane.

Buƙatarsa tana shafi na shida. Ya aiko da ɗan kuɗi, amma ya ce ba na rabawa ba ne. Yana so a buɗe asusu a masallacin unguwa domin abu ɗaya tak, maganin marasa lafiyar da ba su da hali, kowa ya sa abin da zai iya duk wata ko da naira ɗari biyu ce, a sayi littafi, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. Hujjarsa ita ce mu muna bayarwa da yawa amma a lokaci guda, da azumi ko in abu ya faru, su kuwa kaɗan-kaɗan suke bayarwa na shekara sittin.

A nan ya ɗan yi wa gida rashin adalci. Unguwar da ake ciyayya tsakanin gidaje, kwanon almajiri ba ya komawa wayam, adashin mata ke aurar da marayu, ba za a ce ba ta san bayarwa mai ɗorewa ba. Waƙafi ma ba baƙo ba ne a fiƙihun da ake karantawa a zaurukan birni, kuma jihar tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Inda maganarsa ta kama ƙasa shi ne yawancin wannan alheri a jikin mutum yake rataye. Ran da Alhaji mai biyan kuɗin magani ya kwanta dama, ran nan maganin ya yanke, sai a shiga jiran Allah ya kawo wani.

An sayi littafin, mai bango mai kauri, a Kasuwar Kurmi. An kwashe mako biyu ana ja-in-ja kan wanda zai riƙe shi, daga ƙarshe aka ba wani malamin firamare mai ritaya, aka ce na'ibin liman ya riƙa sa hannu. Maƙwabcin nan mai ruwa ba ya tsami banza shi ne na uku da ya biya.

Amsar Baffa ta waya ta tafi, ƙanin ya riƙe masa yana magana. Ya yi faɗa kan ɓoye yunwar da aka yi masa, ya ce kada a sake. Ya ce a kula da sallah a kan lokaci ko da rana ba ta fitowa a garin. Game da tsohuwar, ya ce a gaishe ta da kyau, a gaya mata idon da mutanenta suka gyara da shi yake karatun Alƙur'ani kullum, kuma tun da ita ta daɗe tana roƙa masa abin da take ganin shi ne alheri, shi ma zai riƙa roƙa mata shiriya bayan Asuba. Sai dai sunayen Turawa ba sa zama masa a ka, don haka a rubuto masa nata da ajami, da manyan baƙaƙe.