Kwanakina a Rioja: Rufin Ƙarfe da Gangar Katako

Litinin

Daga Bilbao muka yi kudu, muka haura duwatsun Cantabria, sai ga kwarin kogin Ebro a shimfiɗe, gonakin inabi iya ganinka. Farkon Oktoba ne, ganye ya soma ja. Gini ne ya kawo ni arewacin Sifaniya, don zanen gine-gine ne sana'ata. Giya kuwa ba na sha, kuma tun a mota na shaida wa mai yi mana jagora, kada a yi ta miƙo mini kofi ina mayarwa. Ta ce ba a kaina farau ba.

Elciego ƙauye ne da mutanensa ba su wuce dubu da 'yan kai ba. Gidaje na dutse ruwan ƙasa, cocin San Andrés da hasumiyoyinsa biyu. Daga gefe kuma, a harabar kamfanin giya na Marqués de Riscal, ga aikin Frank Gehry: faifan ƙarfe sun lanƙwashe sun hau kan juna, wani ruwan hoda, wani ruwan zinariya, wani ruwan azurfa. Da la'asar rana ta dake shi, dole mutum ya kare ido.

Talata

Yau muka shiga. An kafa kamfanin a 1858, kwalaben farko suka fito a 1862. Ginin Gehry kuwa sai 2006 aka buɗe shi, shekara tara bayan gidan tarihinsa na Guggenheim ya sa duniya ta san Bilbao. Masu gidan sun ga abin da gini ɗaya ya yi wa birni guda, suka ce su ma a yi musu. Jagorarmu ta ce sai da aka buɗe masa kwalbar 1929, shekarar haihuwarsa, kafin ya amsa.

Launukan ma talla ce. Ruwan hodar jar giya ce, zinariyar ragar wayar da suke naɗe kwalba da ita, azurfar kuma marufin bakin kwalbar. Ragar tana da tarihi: an sa ta ne don kada maha'inta su juye ta kirki su ɗura ta banza su sayar da sunan gidan.

Na zagaya ginin a tsanake. Gindinsa dutse ne irin na ƙauyen, wannan na yaba. Faifan titaniyam ɗin kuma suna yi wa tagogi inuwa, to ba ado ne zalla ba. Amma fa ko ganga ɗaya babu a ciki. Otal ne, da gidan abinci. Abin da duk duniya ke ɗauka hoto a matsayin gidan giyar, masaukin baƙi ne.

Aikin yana can ƙetaren tsakar gida, a tsofaffin ɗakuna na ƙarni na 19. Bango mai kauri, haske kaɗan, sanyi ya tsaya wuri ɗaya rani da hunturu. Duk wanda ya taɓa shiga soron ƙasa a Zariya da azahar ta watan Afrilu ya san wannan dabara. Ganguna jere, kowace lita 225, ma'aunin Bordeaux, domin daga can aka ɗauko wani gwani, Jean Pineau, ya koya wa mutanen yankin ajiye giya a itacen oak. Yawancin inabin tempranillo ne, a ɗan haɗa da graciano. Doka ce ke faɗin suna: mai shekara biyu, ɗaya a ganga, ita ce crianza, reserva shekara uku, gran reserva biyar, aƙalla biyu a ganga. Wato kuɗin mutum na kwance cikin duhu shekara biyar bai ce uffan ba.

A can ƙurya akwai ɗakin da suke kira Catedral, inda suke ajiye kwalaben kowace kaka tun daga 1862. Fumfuna ta rufe su. Idan za a buɗe tsohuwa ba a taɓa matoshin, don zai ruɓushe. Awartaki ake gasawa ya yi ja, a kama wuyan kwalbar, a shafa ruwan sanyi, wuyan ya ɓalle tsaf.

Laraba

Laguardia, kusa ƙwarai. Gari ne mai ganuwa a kan tudu, kuma mota ba ta shiga, saboda ƙarƙashinsa duk ramukan ajiyar giya ne da kakanni suka haƙa.

A gindin duwatsun Cantabria ga gidan giyar Ysios, zanen Santiago Calatrava, na 2001. Wannan kam ya fi kama ni. Dogon bango na katako, rufin alminiyam yana hawa yana sauka, yana bin layin duwatsun da ke bayansa. Kuma nan gidan aiki ne na gaske: inabi ya shiga ta wannan kai, ya bi tanki, ya bi ganga, ya fita ta wancan kai a kwalba. Mai zanen ya tunkari abin da Gehry ya kauce wa.

Sai dai rufin ya yi yoyo. Gyara ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har a 2013 masu gidan suka kai ƙara kotu. Ɗakin da ake so danshinsa da sanyinsa su zauna daram, ruwan sama na shigarsa. Na daɗe a tsaye ina ƙirga mahaɗan rufin da ido. Kowace mahaɗa ƙofa ce ga ruwa, kuma wannan rufi kusan duk mahaɗa ne. A takarda babu mai kushe shi. Na fara tunanin ko mutanen Riscal sun fi wayo da suka bar mashahurin mai zane ya yi wasansa a kan otal, suka hana shi kusantar ganguna.

Alhamis

An wuni ana yayyafi. Da ya ɗauke na bi hanyar gona a ƙafa. Masu tsinkar inabi sun duƙa, almakashi a hannu, tarakta na jiran kwanduna. Akwai 'yan Maroko, akwai baƙaƙen fata. Na yi sallama, wani ɗan Senegal ya ɗago ya amsa. Ya ce, "Ɗan'uwa, aiki ka zo nema?" Na ce gini na zo kallo. Ya waiga ya dubi ƙarfen Gehry can nesa, ya yi dariya, ya miƙo mini nonon inabi guda. Ƙanana ne, baƙi wuluk, fata mai kauri, zaƙi har ya yi yawa. Shi ma ba ya sha. Daga nan, in ji shi, sai kudu, tsinkar zaitun.

Juma'a

Sallah a Logroño, a wani ɗan masallaci cike da 'yan Pakistan da Larabawa. Sauran yinin na kwanta, ƙafa ta gaji.

Asabar

Haro, unguwar tashar jirgin ƙasa, inda manyan tsofaffin kamfanoni suka taru gab da layin dogo. Dalilin a fili yake. Daga shekarun 1860 wani ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya cinye gonakin Faransa, 'yan kasuwar can suka gangaro Rioja neman giya, jirgi yana kwashe musu. Kuɗi ya shigo har Haro ta samu wutar lantarki a 1890, tana cikin garuruwan farko a ƙasar. Ƙwaron ya iso nan ma a 1899, kuma maganinsa aure ne irin na mangwaro: a dasa saiwar inabin Amurka, a ɗaura mata reshen na gida.

López de Heredia, na 1877, su ne masu taurin kan unguwar. Har yau a manyan randunan katako suke tsima inabi, da farin ƙwai suke tace ja, yanar gizo kuma ba a share ta. Su ma sun kira mashahuriyar mai zane, Zaha Hadid, amma ɗan ƙaramin ɗaki ta yi musu a bakin ƙofa, mai siffar tulun gilashi, aka ajiye tsohuwar rumfar katakon da suka kai baje kolin Brussels a 1910 a cikinsa. A nan ake karɓar baƙi a sayar musu.

Sauran lokacina a wurin maƙeran ganga na ƙare shi, don gidan da kansa yake haɗa nasa da oak na Amurka. Ba ƙusa, ba gam. Ana jera filayen katako a zobe, a hura wuta a tsakiya, a yayyafa ruwa, a ja da igiyar ƙarfe a hankali har baki ya haɗu. Na tambayi dattijon, "Baba, in ta yi yoyo fa?" Aka fassara masa. Ya ɗauko wani busasshen ganyen kaba-kaba na bakin rafi, ya nuna mini yadda ake cusa shi tsakanin katako biyu, ya koma kan gudumarsa.