Cakulan a Aji

Na kan yi tunanin malamin firamare da zai shiga aji da cakulan ɗaya, ya shafe mako yana koyarwa da shi. A lissafi abin a bayyane yake: a ɓalle gida uku cikin goma sha biyu, yara su gane rubu'i da idonsu, ko da yake hankalinsu na kan wanda zai ci.

Tarihi ne ya fi jan raina. Asalin itacen koko, wanda ake yin cakulan da ƙwayarsa, daga nahiyar Amurka yake, kuma mutanen Aztek sun riƙa ciniki da ƙwayarsa a matsayin kuɗi. Wani mai suna Tetteh Quarshie ya kai irinsa Ghana daga tsibirin Fernando Po a 1879. Yau Ghana da Kwaddibuwa ke noma fiye da rabin kokon duniya, amma yawancin cakulan ɗin a Turai da Amurka ake sarrafa shi. Ɗan aji shida zai iya tambayar dalili, kuma ya kamata malam ya bar shi ya tambaya.

Kimiyya kuwa, zafin Maris zai koyar da ita kafin a tashi tara, domin man koko yana narkewa ƙasa kaɗan da ɗumin jikin mutum.