Rasiɗan Cikin Adaka

A daminar 2004 Habu ya komo Riruwai da fom ɗin neman tallafin karatu. Sharaɗi ɗaya ya tsaya masa a rai, wato takardar shaidar biyan harajin mahaifi ta shekara uku. Ɗan ma'aikaci ba ya shan wannan wahala, domin tun daga albashi ake cire wa ubansa. Mahaifin Habu kuwa manomin masara ne.

Tsohon ya jawo adaka, ya zaro wasu rasiɗai da suka yi jawur don tsufa. Na ƙarshensu ya girmi Habu, gama tun 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano.

"Kai musu waɗannan. Ban taɓa ɓoye wa mai unguwa ba."

"Baba, ba irinsu ake nufi ba."

Ba wai tsohon ya daina biya ba ne. Duk buhun da ya kai kasuwa sai an karɓi wani abu a kansa, sai dai 'yar takardar da akan miƙa masa ba ta ɗauke da sunan kowa.

Habu ya ninke rasiɗan a cikin ambulan, ya hau motar Tudun Wada, saura kwana huɗu a rufe karɓar fom.