Daga New Bell zuwa Bata: ɗigon da ke cin dukiya

Mun tashi daga New Bell bayan sallar asuba, muka ratsa Bonapriso gari bai waye ba, muka bi ta Ebolowa da Ambam har kasuwar Kye-Ossi. Ana tsallaka iyaka zuwa Ebebiyin sai Faransanci ya ja baya, domin Equatorial Guinea, wadda ta sami 'yanci daga Sifaniya a 1968, da Sifaniyanci take ciniki, ko da yake sefarmu ɗaya.

Gaisuwa ba ta yi mana wuya ba. Buenos días ina kwana ne, gracias na gode, cuánto cuesta kuwa nawa ne. Wuyar tana ga ɗan ɗigon da ake ɗora wa wasali. A Bata wani ɗan'uwa mai sayar da atamfa ya buɗe mana littafin bashinsa. Pagó, da ɗigo, ya biya ke nan. Pago, babu ɗigo, ina biya. Haka sí na nufin i, si kuma idan. Wani ya rubuto masa si pago mañana, wato idan na biya gobe; shi kuwa ya ɗauka alkawari ne, ya saki kaya. Har yau yana jira.

Ba mu yi mamaki ba, domin mu ma lanƙwasa ɗaya ce ta raba Bata da ɓata. Saboda haka, ya ku iyaye, idan yaro ya kawo littafinsa na Sifaniyanci daga makaranta, ku tambaye shi ina ɗigon.